Wace Hanya Ce ta Ƙasa? Magana a Kan Hanyar Tafki Zuwa Nijar



Mu Hausawan N'Djamena 'ya'yan hanya ne. Hanya ce ta kawo kakanninmu bakin kogin Shari, waɗansu da niyyar aikin hajji, waɗansu da kayan fatauci a bayan jakuna, waɗansu da allo da tawada suna neman ilimi. Har gobe kuma a kan hanya abincin yawancinmu yake, tun daga mai rumfa a babbar kasuwa da kasuwar Dembe, zuwa mahauci da dillalin shanu da direban babbar mota. Saboda haka idan hukuma ta zauna tana tantance hanyoyin da za a kira na ƙasa da waɗanda za a bar wa larduna da ƙauyuka, maganar ta shafe mu kai tsaye, ko da ba a gayyace mu zaman ba.

Da yawa daga cikinmu suna ɗauka cewa kiran hanya da sunan ta ƙasa ado ne kawai na takarda. Alhali wannan suna shi ne yake raba hanyar da za a ware wa kuɗi kowace shekara da wadda za a bari ga ruwan sama da rairayi. Shi ne yake nuna inda injiniya zai je ya auna, inda za a kafa gada, da inda masu ba da bashi na waje za su yarda su zuba dukiyarsu. Garin da hanyar ƙasa ta ratsa yana samun kasuwa da asibiti da malaman makaranta masu yarda su zauna. Garin da ta kauce wa kuwa, matasansa ne suke tattara nasu ya nasu su koma inda ta bi.

A Chadi, ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,284,000, ana ƙiyasta hanyoyin mota duka da kimanin kilomita 40,000. Daga cikinsu, tsarin da aka daɗe ana aiki da shi ya ware kimanin kilomita 6,200 a matsayin hanyoyin ƙasa masu fifiko, sauran kuma suka zama na yankuna da na karkara. Waɗannan na ƙasar ma an raba su gida biyu. Akwai kimanin kilomita 2,600 da aka ɗauki alkawarin za su biyu rani da damina, sannan akwai kimanin 3,600 da ake kira na lokaci, wato waɗanda hukuma ta yarda tun farko cewa za su iya yankewa idan ruwa ya sauka. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin shingen ruwa, mota cike da kaya, yana jiran burji ya sha iska kafin a ɗaga masa sanda, ya san ma'anar wannan rabo a jikinsa. Akwai kuma asusun gyaran hanyoyi da aka fi sani da FER, wanda daga cikinsa ake kula da hanyoyin da suka shiga lissafi. Hanyar da ba ta cikin sahun gaba, sai abin da ya rage ya kai gare ta.

Kowace ƙasa da irin ma'aunin da take zaɓen manyan hanyoyinta, kuma ma'aunin yakan tona abin da ke zuciyar masu mulki. Faransa, wadda daga gare ta muka gaji tsarin ofisoshinmu, ta kafa nata tun ranar 16 ga Disamba 1811, lokacin da Napoleon ya raba hanyoyin daularsa aji uku. Aji na farko hanyoyi 14 ne, dukkansu sun tashi daga Paris suka nufi iyakoki, kuma baitulmali ne yake ɗaukar nauyinsu. Aji na uku kuwa sai larduna sun sa hannu a aljihu. Tunanin a fili yake: hanya mai daraja ita ce wadda take kai umarnin fada da sojojinta zuwa gefen ƙasa.

Nijar ta bi wata dabara da ta dace da siffarta. Hanyarta mai lamba 1 ta taso daga yamma ta bi Yamai, Doso, Dogon Dutsi, Birnin Konni, Maraɗi, Damagaram, Gure da Difa, ta tsaya a Ngigmi kusa da tafkin Chadi. Sun raɗa mata suna Hanyar Haɗin Kai, domin manufarta ita ce Bazabarme na bakin Kwara da Bahaushe na tsakiya da Babarbare na gabas su ji cewa ƙasa ɗaya suke. Sashenta na gabas ya ratsa wuraren da ba su da yawan jama'a ko yawan motoci a wancan zamani, amma aka shimfiɗa shi duk da haka, da tallafin Kanada. Najeriya kuma ta raba nata tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Manyan na tarayya suna ɗauke da harafin A: A1 ta tashi daga Legas ta bi Sakkwato zuwa Illela, A2 ta bi Kaduna da Zariya da Kano zuwa Daura, A3 ta taso daga Fatakwal ta bi Jos da Bauchi da Maiduguri ta ƙare a Gamboru. Mai lura zai ga cewa dukkansu daga bakin teku suka nufo arewa, kamar yadda layin dogo ya yi tun da ya iso Kano a 1911.

To, namu ma'aunin fa? Wanda ya dubi taswirar kwaltar Chadi zai ga ƙashin bayanta ya nufi kudu: N'Djamena, Gelendeng, Bongor, Kelo, Mundu, sannan Doba da Kumra da Sarh, da kuma reshen da ya fita daga Mundu zuwa Ngaundere a Kamaru, inda jirgin ƙasa yake karɓar kaya zuwa Duwala. Ba mu ga laifin wannan zaɓi ba. Ƙasar da ba ta da teku, ba ta kuma da layin dogo, dole ta nemi tashar jiragen ruwa, kuma Duwala tana da nisan kimanin kilomita 1,800 daga nan. A kudu ake noman auduga, a can kuma rijiyoyin man Doba suke, waɗanda bututunsu ya fara kai mai Kribi a 2003. Daga baya kwalta ta miƙa gabas ta Masaget da Bokoro da Mongo da Um Hajar har Abeche, kuma duk wanda ya san wahalar wannan tafiya a da ya san an yi abin a yaba.

Sai dai akwai wata taswira da ta girmi ta ofis, wadda ƙafafun mutane da kofatan dabbobi suka zana. Tun zamanin daular Kanem, sarakunan wannan yanki suna zuwa Makka ta Masar, har aka gina wa mutanensu makaranta da masauki a Alƙahira a ƙarni na 13. Daga baya hanyar gabas ta buɗe: Kano, Borno, Dikwa, a haye ruwa a Kusuri, a bi Bagirmi da Wadai, a shiga Darfur ta Adre da Janaina, a wuce Fashir da Ubayyid har bakin Bahar Maliya. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, dubban mutane sun bi wannan hanya suna hijira, kuma ɗansa Mai Wurno ya kai har gaɓar kogin Nilu, inda garin da yake ɗauke da sunansa yake har yau. Wannan birni namu, da aka kafa a 1900 da sunan Fort-Lamy kafin Shugaba Tombalbaye ya sauya masa suna a 1973, zango ne a kan wannan tafarki. Wani ya tsaya don ya nemi guzuri, shekara ta zama goma, ya yi aure, ya haihu, ya zama ɗan gari. Wani masani Ba'amurke mai suna John Works ya wallafa littafi sukutum a 1976 a kan al'ummomin Hausawan Chadi, kuma jigon littafin shi ne yadda mahajjata da fatake suka zama mazauna.

Wannan tsohuwar taswira daga yamma zuwa gabas take tafiya, kuma masana tsare-tsare na nahiyar sun tabbatar da hikimarta. Lokacin da hukumar tattalin arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara tsara manyan hanyoyin da za su ratsa nahiyar a 1971, aka ƙare da hanyoyi tara, kuma uku daga cikinsu a N'Djamena suke haɗuwa. Mai lamba 5 ta taso daga Dakar ta bi Bamako, Wagadugu, Yamai, Maraɗi, Katsina, Kano da Maiduguri ta iso nan, tafiyar kimanin kilomita 4,500. Mai lamba 6 ta ɗauka daga nan zuwa Jibuti. Mai lamba 3 kuma ta gangaro daga Tarabulus ta nufi kudancin Afirka. Idan aka haɗa ta 5 da ta 6, hanyar alhazan da ce aka sa wa lamba. Birane kaɗan ne a Afirka suka sami irin wannan matsayi a takarda.

Amma ga inda gizo yake saƙar. Iyakar Chadi da Najeriya gajeriya ce, kuma a cikin tafki take, babu titin da ya ratsa ta. Duk motar da ta tashi daga N'Djamena za ta Maiduguri sai ta haye gadar Ngeli, ta shiga Kusuri, ta yi tafiyar kimanin kilomita 100 a cikin ƙasar Kamaru zuwa Fotokol, kafin ta taka Gamboru. Wannan yanki ba namu ba ne. Babu dokar Chadi da za ta iya kiransa hanyar ƙasa, babu kuɗin asusunmu da zai gyara shi, kuma ga mahukuntan Yawunde can ƙarshen ƙasa yake. Hanyar Duwala ma ta Kamaru ce. Ma'ana, manyan ƙofofinmu biyu, ta teku da ta kasuwannin Najeriya, makullansu suna hannun maƙwabci ɗaya. Zaman lafiya muke yi da wannan maƙwabci, Allah ya ɗorar da shi, amma mai hankali ba ya gina gida da ƙofa ɗaya.

Mun riga mun ɗanɗana abin da hakan yake haifarwa. A 2014 Boko Haram ta afka wa Gamboru, aka lalata gadar garin, daga baya garin ya faɗa hannunsu. Hanyar da shanun Chadi suke bi zuwa kasuwannin Najeriya ta toshe, kayan Kano da na Maiduguri suka yi tsada a rumfunanmu, fatake suka koma dogon zagaye mai cin kuɗi da kwanaki. Iyalai da yawa sun shekara ba su ga danginsu na Borno da Kano ba, ga biki ga rasuwa, sai dai waya. Daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. A watan Afrilu 2023 kuma yaƙi ya ɓarke a Sudan, ƙofar gabas ta Adre ta cika da 'yan gudun hijira a maimakon fatake. Cikin shekara goma, kowace ƙofa ta nuna mana cewa tana iya rufewa.

Akwai hanya ɗaya tak da za ta kai mu yammacin Afirka a kan ƙasarmu ba tare da mun ratsa wata ƙasa ta uku ba. Ita ce wadda ta tashi daga N'Djamena ta bi Masaget da Masakori da Nguri da Bol, ta zagaya arewacin tafki ta Liwa da Rig-Rig, ta kai iyakar Nijar, ta haɗu da Hanyar Haɗin Kai a Ngigmi. Daga nan Difa, Damagaram, Maraɗi, Kano da Katsina duk a buɗe suke. Wannan hanya ita ce reshen Chadi na babbar hanyar da ta ratsa Sahara, wadda ƙasashe shida suka haɗu a kanta: Aljeriya, Tunisiya, Mali, Nijar, Najeriya da Chadi. Bankin Raya Afirka yana cikin masu ba da kuɗin aikinta. An yi wani sashe, wani kuma ya daɗe yana tafiyar hawainiya, kuma har yanzu matafiyi ba ya iya tashi daga nan ya isa Ngigmi a kan kwalta tun daga farko har ƙarshe.

Ra'ayinmu shi ne wannan hanya ta cancanci a ɗauke ta a sahun farko na hanyoyin ƙasa masu biyuwa rani da damina, daidai da hanyar Mundu, a kammala ta, a kuma rubuta kuɗin kula da ita a kasafin kowace shekara. Amfaninta ya wuce na masu zuwa Nijar. Lardin Tafki yana da dausayin Bol mai ba da masara da alkama da kayan lambu, yana da kifi, yana da kanwar Liwa wadda tun zamanin kakanni ake kai ta ƙasar Hausa. Kanem da Bahar Gazal suna da dabbobi. Duk wannan arziki yana rasa wani kaso na darajarsa a cikin rairayi kafin ya kai kasuwa.

Mun san abin da za a ce. Na farko, kuɗi ba su da yawa, kuma hankali ya ce a zuba su inda motoci suka fi yawa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ƙidayar motoci a kan hanyar da ba ta biyuwa ba ta nuna bukatar jama'a, tana nuna munin hanyar ne kawai. Da Nijar ta jira motoci su yi yawa tsakanin Gure da Ngigmi, da har yau ba a yi wannan titi ba. Na biyu, za a ce yankin tafki ba shi da tsaro, ma'aikata ba za su iya aiki ba. Hakika an sha wuya a can, sojojinmu da talakawa sun rasa rayuka masu yawa, Allah ya jiƙansu. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma babu tsagewar da ta kai yankin da motar hukuma take kwana biyu kafin ta isa. Amurka ma da ta kafa dokar manyan hanyoyinta a 1956, masu tsawon mil 41,000, ta sa kalmar tsaro a cikin sunan tsarin. Titi mai kyau yana kai soja da likita da malami a rana ɗaya, yana kuma ba saurayi sana'ar da za ta hana shi sauraron masu ruɗi.

Bayan maganar wannan hanya guda, akwai gyara uku da muke ganin tsarin zaɓen kansa yana bukata. Na ɗaya, jerin hanyoyin ƙasa da ajin kowacce ya zama abin da kowa zai iya gani, a buga shi da Faransanci da Larabci, a karanta shi a gidajen rediyo da harsunan da mutane suke ji, domin talaka ya san alkawarin da aka yi wa garinsu. Na biyu, a bayyana ma'aunin da ake bi, kuma ma'aunin ya haɗa da yawan mutanen da hanya za ta fitar daga kaɗaici, da abincin da dabbobin da za ta kai kasuwa, da sabuwar ƙofar da za ta buɗe wa ƙasa. Na uku, a riƙa sake duba jerin bayan 'yan shekaru a gaban majalisa, domin ƙasar da aka auna kafin man fetur da kafin rikicin tafki ta canja. Ambaliyar 2022 da ta 2024, wadda ta shanye unguwanni a wannan birni ta kuma yanke hanyoyi a larduna, ta nuna cewa hanyar da ake kira ta dindindin ma sai an sake auna gadojinta da magudananta.

Ta wace fuska za mu nemi wannan? Mu 'yan tsiraru ne a nan, kuma ɗan tsiraru da ya nemi abu da sunan ƙabilarsa yakan tashi da hannu biyu. Hanyar tafki ta Kanembu ce da Buduma da Larabawa da Gorane kafin ta zama tamu, su ne suke zaune a bakinta. Abin da muke da shi da za mu kawo shi ne sanin kasuwa: mun san farashin buhu a Damagaram da Dawanau, mun san kwanakin da mota take yi, mun san yawan shingen duwan da na jandarma da ke tsakani. Shugabannin 'yan kasuwarmu da ƙungiyoyin direbobi su rubuta wannan sani, su haɗa kai da takwarorinsu na Bol da Mao da Masakori, su kai shi zauren 'yan kasuwa da gaban 'yan majalisar da muka zaɓa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a wannan birni ranar 22 ga Mayu 1964, hedikwatarta tana nan tare da mu, kuma haɗa ƙasashen tafki yana cikin dalilan kafa ta. Mu yi magana a matsayinmu na 'yan Chadi masu katin zaɓe da takardar haraji, waɗanda kaburburan kakanninsu suke cikin wannan ƙasa.

Akwai kuma nasiha ga masu motoci da masu kaya, domin neman hanya yana tafe da amanar riƙe ta. Injiniyoyi sun daɗe da gano cewa ɓarnar da nauyi yake yi wa kwalta ba ta tafiya daidai da nauyin. Idan aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Mota ɗaya da aka yi wa lodin ganganci tana cin titi fiye da ɗaruruwan ƙananan motoci. Wanda ya ba da na goro aka ɗaga masa shingen ruwa alhali burji yana jiƙe, ya tsira da kwana ɗaya, ya bar wa dubban mutane ramukan shekara. Addininmu ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, to ina ga wanda ya haƙa ramin da kansa?

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A zamaninmu ƙafar ta zama taya, kuma taya sai da titi. Yaron da aka haifa a nan wanda bai taɓa ganin garin kakansa ba saboda hanya ta gagara, a hankali harshen zai yi masa nauyi, dangi su zama sunaye a waya. Haka ma ɗan Bol da amfanin gonarsa yake ruɓewa kafin ya kai N'Djamena, da wuya ya ji cewa ƙasar ta san da shi. Jerin hanyoyin ƙasa yana taɓa waɗannan duka, shi ya sa bai kamata a bar shi a cikin durowar ofis ba. Duk wanda yake da masaniya a kan halin da hanyar Bol zuwa Ngigmi take ciki a wannan damina, direba ne ko bafatake, muna roƙon ya rubuto mana a ƙasa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kiyaye matafiya a duk inda suke, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci tsakanin garuruwa. Amin.